Kwalin Sabulu da Hancin Inna

Duk layin nan ba wanda bai san Anti Guga ba, ita ce gajeruwar matar nan ta shagon wanki da ke jikin tashar bas, wadda in ka wuce za ka hango ta ta gilashi tururi ya rufe mata fuska tana guga tana surutu da injin wanki kamar mutum. Wallahi da gaske magana take masa. In ya fara jijjiga sai ka ji ta ce, kai dalla natsu, ba kai kaɗai ke da matsala a garin nan ba. Kuma abin mamaki wani lokaci sai ya natsu.

To abin da mutane da yawa ba su sani ba, matar nan malama ce. Ba irin ta makaranta mai allo da ƙararrawa ba, a'a, manya take koya wa Turanci, irin waɗanda ko fensir ba su taɓa riƙewa ba. Don ita ma haka ta taso. Lokacin da ta zo garin ta fara aiki a ɗakin wankin wani otal ko harafi ɗaya ba ta sani ba, ga gari ko'ina rubutun Turanci, jikin ƙofa, jikin bas, jikin kwalbar magani. Ran nan aka aike ta sama da zannuwan gado, ta ɗoro su har sun rufe mata ido, ta tura wata ƙofa da ƙafa ta shige, ashe banɗakin maza ne. Wani mai ƙaton ciki ya kwarara ihu, ita ma ta kwarara, zannuwa suka watse a ƙasa. Har yau in tana ba da labarin sai ta yi dariya har da hawaye, amma ranar kuka ta yi na gaske. Daga nan ta nemi wata tsohuwar malama da ke koyar da manya a falonta, ta liƙe mata, tana zuwa tana cin gyara har kanta ya buɗe. Da malamar ta tsufa ta koma wurin 'ya'yanta sai Anti Guga ta ce ai kuwa abin nan ba zai mutu a hannuna ba. Ta roƙi mai shagon da take aiki yanzu ya bar mata bayan shago ranar da ba a buɗewa, ya ce ta yi, in dai ba za su zauna masa kan kayan mutane ba.

Ajin nata kuwa sai ka gani. Tsakanin injin busar da kaya da teburin guga, benci ɗaya, bokitai biyu a kife, riguna a rataye suna shafa kan mutum. Akwai Baba Maigadi da ke gadin wani gareji, akwai Mai Kitso mai shago a ƙarshen layi wadda bakinta ba ya hutawa, da wasu da ke zuwa yau gobe su ɓace. Littafi babu. Kwali Anti Guga take yankawa, duk wanda ta samu, na sabulu, na ganyen shayi, na biskit, na takalmi, ta rubuta kalma ɗaya da alƙalamin maka a bayansa, sannan ta bi shi da dutsen guga ya miƙe sumul don ita ba ta iya ganin abu a lanƙwashe ta ƙyale. Sai ta ɗaga ta ce mene ne wannan, aji ya amsa.

Ana haka sai Inna ta zo, mahaifiyarta. Hawan jini ya matsa mata a gida, sai Yaya, wan Anti Guga da ke tuƙin tasi, ya je ya ɗauko ta don ta riƙa ganin likita. A ɗakin Anti Guga ta sauka, hawa na sama a kan shagon. Anti Guga murna kamar ta taka rawa, don tun tana budurwa rabon da su kwana ɗaki ɗaya da uwarta. Amma Inna tun ranar da ta iso ba ta kwance jakarta ba. Tana nan bayan ƙofa a ɗaure, in za ta sa zane ta zaro ɗaya ta sake zuge zif.

Dalili kuwa, zuwansu asibiti na farko Yaya ya bar ta kan benci ya je gyara fakin, ita kuma ta tashi neman ruwa, shi ke nan Inna ta ɓace a cikin asibiti. Aka yi ta nema sama da ƙasa, sai can aka same ta zaune a ɗakin masu karaya tana ba wani mai filasta a ƙafa haƙuri. Daga ranar Yaya ya kafa doka, Inna ba za ta sake fita ita kaɗai ba, ko bakin titi. Shi yana kan hanya, Anti Guga tana shago, Inna tana sama tana kallon taga.

"Auta," in ji Inna, don haka take kiran Anti Guga, "ni fa ba kaza ba ce da za a kife ni da kwando. A gida ni ke zuwa kasuwa, ni ke zuwa dubiya, ba mai riƙe mini hannu. In na karɓi maganin wata mai zuwa Babba ya mayar da ni inda ya ɗauko ni."

Babban shi ne Yaya. Shi kuma da ya ji sai ya ce to, hakan ma ya fi masa kwanciyar hankali, gara tana can cikin waɗanda ta sani da a ce mota ta kwashe ta a nan.

Anti Guga ta ji kamar an ɗora mata dutsen guga a ƙirji. Ta ce, "Yaya, in fa Inna ta iya karanta ƙofofi? In ta je asibitin nan da ƙafarta ta karɓo maganinta ta dawo, za ka janye dokar?"

Yaya ya yi dariya har da buga sitiyari, don a mota suke. "Inna? Turanci? Ke dai kin cika rigima. To na ji. In ta yi, ni da bakina zan ce ta zaga gari duk."

"Ku ji min yara suna ciniki a kaina ina zaune," in ji Inna daga baya. Amma ba ta ce a'a ba.

Ranar aji ta sauko da mayafinta ta zauna kan benci ta kori Baba Maigadi gefe. Anti Guga ta ce, Inna a nan fa Malama ake ce mini. Inna ta kalle ta sama da ƙasa ta ce, "To Malama Auta, wadda na yi wa wanka a baho, bismilla."

Kai, ashe Inna wuta ce! Kafin ka ce me ta wuce kowa. Anti Guga na ɗaga kwali kafin ma ta gama ɗagawa Inna ta ce EXIT, hanyar fita! A ɗaga wani, PHARMACY, wurin magani! PUSH, tura! PULL, ja! Ba ta kuskure ko ɗaya. Baba Maigadi da ya daɗe a ajin ya fara jin haushi yana cewa wannan baiwar Allah da iliminta ta zo, ana dai rufe mu ne. Mai Kitso ta ce a'a Baba, kai ne dai kanka ya yi tsatsa kamar ƙofar garejinku. Anti Guga kuwa ba mai iya taɓa ta, duk wanda ya kawo wanki sai ya ji labari, uwata fa Turanci take karantawa yanzu, ta kira Yaya a waya ta ce ka fara shirin jin kunya.

Sai injin nan da take yi wa faɗa ya rama. Tiyon bayansa ya fashe, ruwa ya malale bayan shago, kwalayen da ke cikin leda a ƙasan tebur suka jiƙe suka zama kamar biredin da ya faɗa shayi. Anti Guga ba ta damu ba. Mai Kitso ta kawo mata fararen kwalaye masu kyau, irin waɗanda ake naɗo gashin kanti a jiki, duk girmansu ɗaya fari tas. Ta zauna ta sake rubuta kalmomin da kyau, har tana cewa ai gara ma, yanzu ajinmu ya zama na 'yan gayu.

Ranar aji ta ɗaga na farko. "Mene ne wannan?"

Aka hau kallon juna.

"Haba jama'a. Inna?"

Inna ta ƙura ido. Ta miƙo hannu ta karɓi kwalin, ta juya bayansa, ta shafa gefensa da yatsa, sannan wallahi ta kai shi hanci ta shinshina.

"Wannan ba kowa ba ne," in ji ta. "Ba shi da ƙamshi."

"Ƙamshin me Inna?"

"To ai wurin magani shi ne mai ƙamshin sabulu. Hanyar fita shi ne wanda kika ƙona da dutsen guga a kusurwa. Tura na biskit ne, ja kuma na ganyen shayi, mai ɗan kore a baki. Wannan kuwa ban san shi ba, baƙo ne."

Anti Guga ta juya wurin Baba Maigadi a hankali. Baba ya sunkuyar da kai yana gyara hula. "Ni dai tsakani da Allah Malama, banɗaki shi ne dogon nan na kwalin takalmi. In na ga dogo na san shi ne."

"Ni kuma bakin Inna nake kallo," in ji Mai Kitso, "in ta buɗe in bi."

Aka fashe da dariya, Mai Kitso har da faɗowa daga kan bokiti, Baba yana tari yana share ido, Inna kuwa ko a jikinta, cewa take to me, ba daidai nake faɗa ba? Anti Guga ma ta yi dariyar amma tana lissafi a ranta. Wata ya kusa ƙarewa, ƙwayoyin Inna saura kaɗan a kwalba, kuma ƙofofin asibiti ba a yi su da kwalin sabulu ba. Ga jakar nan a bayan ƙofa.

Da aka watse ta tsaya ita kaɗai tana guga, don ita in ranta ya ɓaci guga take yi ko da kayan an riga an goge. Tana jan dutsen tana yi wa kanta faɗa, ke da kika ce ke malama ce, wata da watanni kina koya wa mutane kwali. Sai kuma ta tsaya. Ta ce to tsaya, matar da ta ga ɗan ƙunan da bai kai ƙwayar wake ba a kusurwar kwali, ta riƙe shi a ka, ta bambanta koren shayi da na biskit daga nesa, ai ba ido ta rasa ba. Ba a dai nuna mata inda za ta kalla ba ne. Ita Anti Guga ɗagawa kawai take ta faɗi kalma, ba ta taɓa cewa ku dubi baƙaƙen nan ɗaya ɗaya ba, don ita ta manta akwai lokacin da su ma a wurinta zane ne kawai kamar sawun kaza.

Ba ta jira ranar aji ba. Washegari da rana ta sauko da Inna shago, ta aika aka kira Baba da Mai Kitso, ta rubuta E ƙato a farin kwali ta ce ku manta da Turanci, wannan da me ya yi kama?

Mai Kitso ta ce, "Mataji ne mana, wanda haƙoransa suka zube saura uku. Irin na Baba."

"Haƙorana huɗu ne, mara kunya," in ji Baba.

X kuwa Inna ta ce almakashi ne a buɗe. I sanda. T Baba ya nuna teburin guga ya ce ga shi nan tsaye. Anti Guga ta jera su ta ce to mataji, almakashi, sanda, tebur, in kun gan su a jere haka ko a jikin me, ko ja ko kore, ko da ƙamshi ko babu, hanyar fita ce. Inna ta bi su da ido ɗaya ɗaya, can ta ce, "Au, wai su baƙaƙen ne ke maganar? Ni na ɗauka ado ne kika yi wa kwalin."

Daga nan fa aka shiga. P ludayi ne a tsaye, H gado, C kunne, Y gwafa, S kuwa ƙugiyar hanga ta rataye riga. Kowanne Anti Guga ta faɗa musu sunansa na gaskiya da kukan da yake yi a baki, Inna ta ce ta ji amma ita ludayi ta sani. Kuma yanzu ba kwali ɗaya, kalma ɗaya sai ta rubuta ta a wuri biyar, a takarda, a leda, a ƙasa da alli, a jikin gilashin da tururi ya rufe da yatsa. Ta cakuɗa su. In Inna ta kai hanci sai Mai Kitso ta ce an kama ɓarauniya! Da yamma in an rufe shago su fita layi su huɗu suna farautar ludayi a jikin shaguna kamar masu neman kuɗin da ya faɗi, mutane na kallonsu. Inna ta tsaya gaban wani kanti ta yi musu da allon sunansa, wai wannan matajin ya cika ƙiba ba shi ba ne. Anti Guga ta ce shi ne mana, Inna. Inna ta ce to wa ya ce ya ci ya ƙoshi haka?

Ba wai ta iya duka ba fa. Tura da ja kam sun ƙi zama, duk biyun da ludayi suka fara, kullum sai ta haɗa su. Anti Guga ta ce Inna duba ƙarshen, Inna ta ce ke rabu da ni, ƙofa ce, in na tura ta ƙi sai in ja, ai ba gardama za ta yi da ni ba.

Ranar karɓar magani ta zo. Anti Guga ta raka ta bakin tasha kawai, bas ɗin dama ɗaya ne kuma a ƙofar asibiti yake tsayawa. Ta sa mata katin asibiti a jaka, ta gyara mata mayafi, ta sake gyarawa, har Inna ta buge mata hannu. "Koma bakin aikinki. Kuma kar in waiga in gan ki."

Ta koma shago amma ina, hankali ba ya jikinta. Ta goge hannun riga ɗaya har sau ban san adadi ba, ɗayan ko taɓa shi ba ta yi ba. Duk bas ɗin da ya tsaya sai ta leƙa. Rana ta take, ta fara karkata, babu Inna. Ta kira Yaya bai ɗauka ba. Mai Kitso ta baro kan wata mata rabi a tsefe ta zo tana cewa kwantar da hankalinki, in ma ta ɓata ai ɗakin masu karaya za a duba. Anti Guga ta ce wallahi in ba ki bar nan ba zan goge ki.

Sai ga tasin Yaya ya tsaya a ƙofar shago, shi kaɗai a ciki. Anti Guga ta ajiye dutsen guga. Ta fito da gudu ba takalmi. "Yaya ina Inna?"

"Tana bayana a bas. Ta ƙi shiga motata."

Ashe bin ta ya yi! Tun daga tasha yake binta a baya a baya, ya ajiye mota ya shiga asibitin yana laɓewa bayan ginshiƙi kamar ɓarawo. Ya zauna kan bokiti yana ba su labari yana girgiza kai. Wai ta yi kokawa da ƙofar shiga, ta tura ta ƙi, ta ja ta buɗe, har ta ce wa ƙofar ai na faɗa miki. Ta ga likita. Ta fito ta bi wani dogon lungu, shi kuma yana cewa shi ke nan ta sake ɓata. Sai ta tsaya gaban ƙofofi biyu iri ɗaya.

"Na ga ta ɗaga yatsa sama tana zane a iska, bakinta na motsi. Ta kalli ta farko ta girgiza kai. Ta kalli ta biyu, na ji ta da kunnena tana cewa ludayi, gado, ta shige abinta. Da ta fito da ledar magani sai ta miƙo tiryan-tiryan har bayan ginshiƙin da nake ta ce, Babba fito, tun a tasha na ga motarka, wa kake yi wa wayo?"

"To me ya tsayar da ku haka?" in ji Anti Guga.

"Cewa ta yi tunda na zo sai in tsaya in ga. Ta zaga da ni asibitin nan kaf tana nuna mini hanyar fita. Ko'ina mataji da almakashi. Ƙafata har ciwo take."

Bas ya tsaya, Inna ta sauko a hankali da ledarta tana taku ɗai-ɗai kamar ba ita ake jira ba. Mai Kitso ta rangaɗa shewa. Anti Guga ta rungume ta tana dariya tana hawaye, Inna ta ce ke sake ni kin jiƙa ni da gumi.

Yaya dai bai haƙura ba sai da ya tsokane ta. "Inna faɗi gaskiya, ba warin magani kika bi ba?"

"Hanci ya kai ni lungun," in ji Inna, "ba zan yi ƙarya ba. Amma ƙofar ido ne. Ɗayar da ƙugiyar hanga ta fara, me zan yi da hanga a asibiti?"

Yaya ya ɗaga hannu biyu sama. "Na janye. Ki zaga gari duk. Amma batun tafiya gida fa, in sa mai a mota?"

Anti Guga ta kalli Inna. Inna ba ta ko kalle shi ba, ta miƙa wa Anti Guga ledar magani ta ce, "Malama Auta, hau sama ki juye kayan jakar nan a durowa, ki sauko mini da jakar. Kwalayenmu za a riƙa sawa a ciki a rataye a ƙusa, kar wancan mahaukacin injin ya sake jiƙa su."

Anti Guga ta haye bene da gudu har yanzu ba takalmi. Tana jiyo Inna a ƙasa tana tambayar Mai Kitso wai ina Baba Maigadi, a gaya masa ya zo aji da wuri, don ita ba za ta zauna jiran mai neman dogon kwali ba.